Hular Milka

A wani ƙaramin asibitin coci da ke Kafanchan Kaleb ya fara ganin Milka, tana ɗora wa wani mutum hula mai wayoyi. Abinci ya kawo wa yayarsa, amma ya tsaya kallo har abincin ya huce.

Digiri na biyu take yi. Hular tana ɗaukar saƙon ƙwaƙwalwa ta aika wa hannun roba, hannun ya buɗe ko ya rufe. Mutumin kuwa Henry ne, manomin citta daga Godogodo, wanda injin niƙa ya cinye wa hannun dama.

Soyayya ta ƙullu, kishi ya biyo baya. Kullum tana wajen Henry, har Lahadi bayan sujada.

"Kin taɓa kan Henry sau ɗari, nawa ko sau ɗaya," ya rubuta mata.

"To ka zo gobe, abin ƙaunata. Dama ina neman mai hannu biyu in kwatanta su."

Ya zo, ta sa masa hular. "Ka saki jiki. Ka yi tunanin kana damƙe hannu, amma kada ka motsa."

Kwana uku hannun robar ko gezau, ga shi saura sati biyu ta kare aikinta a gaban malamai.

"Kaleb, haƙora kake cijewa. Da Henry ya buɗe baki sai ka cije, cizon kuma yana danne saƙon ƙwaƙwalwa. Ka ɓata mini aiki." Idonta ya ciko da hawaye.

Henry ya yi murmushi. "Ɗan'uwa, matata Serah tana da cikin wata bakwai. Ni dai in ɗauki ɗana da hannu biyu, shi ke nan."

Kunya ta rufe Kaleb, ya roƙi gafararsu. Washegari hannun ya damƙe a gwaji na farko, bayan sati biyu kuma Milka ta ci jarrabawarta.

Saura mahaifiyarsa. "Yarinyar da take karanta kan mutum za ka kawo mini gida?"

"Mama, ba ta karanta tunani. Kishina kawai ta gani, shi ma duk Kafanchan sun gani."

A watan Disamba aka ɗaura auren. Da fasto ya nemi zobe, abokin ango ya matso. Henry ne, hular Milka a kansa. Ya miƙa hannun robar, yatsun suka buɗe a hankali, ga zobba biyu a tafin.

Milka ta saci kallon muƙamuƙin angonta. Bai cije ba, kuka yake yi.

Fasto ya sa musu albarka, coci ya amsa da amin.