Lambu ko Filin Ƙwallo

A aji biyar akwai wata yarinya mai surutu. 'Yan ajinsu suna kiranta Aku. Ba a iya gardama da ita, don ba ta barin kowa ya kai ƙarshen maganarsa.

A bayan ajin akwai wani fili da ba a komai da shi. Wasu yara suna son lambu, wasu suna son filin ƙwallo. Hedimasta ya ce a yi muhawara sau biyu, sannan ya yanke hukunci.

Malama ta zaɓi Aku ta kare lambu. Wani yaro mai kunya da ake kira Dogo zai kare filin ƙwallo.

"Kowa minti uku," in ji Malama. "Ba katse magana, ba zagi. Hujja kawai."

Ranar Talata Dogo ya tashi, riƙe da takarda a hannunsa. Ya fara magana ke nan, sai Aku ta miƙe.

"Kai da ko tsaron gida ba ka iya ba, me za ka yi da fili?"

Aji ya fashe da dariya. Dogo ya sunkuyar da kai. Malama ta buga tebur, ta rubuta maki a allo. Ƙwallo takwas, lambu biyu. 'Yan lambu suka ƙi kula Aku har aka tashi.

A gida ta tarar da mahaifiyarta a kan keken ɗinki.

"Umma, yau an cuce ni. Na fi shi magana, amma aka ba shi maki."

"Shi me ya ce?"

Aku ta sosa kai. "Wallahi ban ji ba."

Umma ta yi dariya. "To wa kika ba amsa? Ni in ban saurari mai kawo ɗinki ba, ai sai in yi mata riga mai hannu uku."

Aku ma ta yi dariya, amma ta ji kunya.

Washegari ta ba Dogo haƙuri. Sannan ta je wurin Malama.

"Ki rubuta abin da ya faɗa," in ji Malama. "Ki amsa maganarsa, ki ƙyale mutumin. Kuma ki je ki duba filin da idonki."

Ranar Alhamis Dogo ya ce yara suna buga ƙwallo a bakin titi, inda motoci ke wucewa. Aku ta saurara tana rubutu har ya gama.

"Gaskiyar Dogo ce, titi akwai haɗari," in ji ta. "Amma na auna filin, taku sittin ne. Taku goma sha biyar na kusa da famfo kullum a jiƙe yake. Ƙwallo ba ta buguwa a can, amma tumatir zai yi kyau."

Dogo ne ya fara tafi. Hedimasta ya yi murmushi.

"Za a yi duka biyun," in ji shi.

Yara suka yi ta tsalle. Malama ta ɗaga hannu, aka natsu.

"Kun ga amfanin muhawara," in ji ta. "Ba ɗaga murya ba ce. Ka saurari ɗan'uwanka, ka girmama shi, sannan ka kawo hujja. Ta haka ake samun mafitar da kowa zai ji daɗi."