Mai Taje Gashi a Kwana ta Uku

Da la'asar sakaliya ranar wata Talata, Nélida Brusco ta koma filin wasannin bakin kogi da guntun alli a aljihu. Aikin ba wani babba ba ne. Za ta shiga rumfar jirgin fatalwa, mai zagawa da 'yan kallo cikin duhu don a tsorata su, ta sa alama a jikin mutum-mutumi bakwai da za a bari, sauran ashirin da ɗaya a kwashe su da safe.

Shekara talatin da shida tana yi musu fenti. Yayanta Osvaldo ne ya sassaƙa su, shi ne kuma yake kunna jirgin, har watan Yuni da zuciyarsa ta tsaya yana zaune a kujerarsa a bakin ƙofa. Nélida ba ta yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. Tun daga ranar abinci ya daina ɗanɗano a bakinta, maganar mutane kuma tana jinta kamar daga bayan bango.

Ta tarar da Ramiro, injiniyan da masu filin suka ɗauko, zaune a kan akwatunan sababbin kaya. Ya miƙo mata ƙoƙon shayin mate.

"Doña Nélida, bai huce ba," in ji shi, yana kiran ta da laƙabin girmamawa.

Ta zuƙa, ta mayar masa.

"Kada ki ɗauke ni mugu," in ji shi. "Cewa suka yi a rushe gaba ɗaya. Ni na roƙa aka bar layin dogon da taragun da guda bakwai ɗin nan. Sauran wurin allon majigi ne da fitilu. Yaran yanzu ba sa tsoron katako."

"Yaran yanzu ko uwarsu ba sa tsoro."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Sai ya ci gaba.

"Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Mun tambayi masu zuwa wanne suke so a bari. Fiye da rabinsu sun ce matar da ke kwana ta uku a kan layin, mai taje gashi. Na duba takardar da kika ba ni, babu ita."

"Don babu ita ne."

"Har kakata ta san ta fa. Ni kaina na gan ta ina shekara tara, sai da na jiƙa wandona."

"Dodon buhu yana kwana ta biyu, ƙwarangwal mai jita yana ta huɗu. Ta uku bango ne kawai, ɗana."

"Ki dai duba min. An yanke wutar ciki tun jiya, ga tocila. Ina nan ina jiran mota."

Ba yau Nélida ta fara jin zancen matar ba. Duk lokacin da ta tambayi Osvaldo, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa da abin da yake shiga da shi. Ita kuwa da safe take aikinta, an kunna duk fitilun gyara, rumfar tarwai kamar asibiti. Ba ta taɓa shiga a cikin duhu ba.

Rana ta yi ja a kan kogin Paraná lokacin da ta tura ƙofar.

Ƙofar ta koma da kanta, ta rufe.

Warin giris ya tare ta, da na katakon da ya sha danshi, da tsohon fenti. Ta bi tsakanin dogon tana haska gabanta. A kwana ta farko ta sa wa amarya mai gizo-gizo alli. A ta biyu ta tsaya gaban dodon buhu, ta dubi hancinsa da ta gyara sau huɗu, ta jira ko za ta ji wani abu. Ba ta ji komai ba. Ta sa masa alli ta wuce.

Daga nan hayaniyar waje ta ɗauke. Babu kiɗan lilo, babu ƙarar mota. Takunta kawai.

Sai ƙarni. Ƙarnin laka da ciyawar ruwa, irin na kogi idan ya janye.

Sai kuma sauti, a hankali, yana tafiya yana tsayawa. Shaaa. Shaaa.

Nélida ta san shi. Duk macen da ta taɓa taje dogon gashi ta san shi.

Hasken tocilar ya koma rawaya, ya ƙanƙance, ya zama kamar garwashi. Bai mutu ba. Da ɗan abin da ya rage ta ga kwana ta uku.

Mace ce zaune a ƙasa, ta ba ta baya. Gashinta jiƙe yake, ya sauko ya kwanta a kan dogon, ya bi shi ya shige duhu, ba a ganin ƙarshensa. Hannunta yana hawa yana sauka da matajin ƙashi.

Nélida ta yi alamar gicciye. Hannunta ne ya yi, don ya saba.

Matajin ya tsaya.

"Ina Osvaldo?"

Muryar raɗa ce, amma a cikin kunnenta ta ji ta.

"Ya rasu," in ji Nélida. Ta ji ta faɗa kamar mai faɗin sunan rana.

"Yaushe?"

"Wata uku."

Ruwa yana ɗiga daga gashin, ɗis, ɗis.

"Kafin a gina nan ina nan," in ji matar. "Fadama ce. Suka cike ta, suka kafa fitilu, na rasa wurin zama. Shi ya bar min kwanar nan. Ya ce ba zai sa min haske ba muddin yana numfashi."

Matar ta ci gaba da magana, ba ta juyo ba.

"Na ji suna auna bango."

"Gobe za su fara."

"Har nan?"

"Ko'ina."

"Ke ƙanwarsa ce. Warin fentinku ɗaya." Kan ya fara juyowa, jikin bai motsa ba. "Ba ki yi masa kuka ba. Daga nan ina jin yadda cikinki yake. Babu kowa a ciki. Sanyi, shiru."

Kan ya ci gaba da juyowa.

"Matso in taje miki."

Ƙafafun Nélida suka taka ɗaya. Ba ita ta ce su taka ba.

Suka taka biyu.

Abin da ya fi muni shi ne ba ta damu ba. Ta ji idan ta zauna a wurin nan ba za ta ƙara tashi ba, kuma ta ji hakan ba laifi.

Haƙoran matajin suka shiga gashinta ta ƙeya, alhali matar tana gabanta. Sanyi ya gangara mata har ƙugu.

Can waje, nesa ƙwarai, mota ta yi hon.

"Doña Nélida, kin mutu ne a ciki?" Muryar Ramiro ce, da wasa.

Ta fizge kai.

Gashi ya tsinke da fata.

Zafin ne ya tashe ta. Wata uku ba ta ji wani abu kamarsa ba.

Ta yar da tocilar ta ruga. Ta yi karo da ƙwarangwal, jitarsa ta yi ƙara. Ta faɗi a kan dogon, ta rarrafa. Wani abu jiƙaƙƙe yana jan ƙasa a bayanta, ba ya sauri.

Ya taɓa idon sawunta.

Ta bangaje ƙofar fita da kafaɗa.

Ramiro ya same ta durƙushe a kan siminti, jini yana bin wuyan rigarta. Sauran jan rana yana nan a sama. Ya ce minti goma kawai ta yi.

"Ka bar kwana ta uku," ta ce masa. "Kada ka sa komai a wurin."

"Ƙusa ce ta kama ki, Doña. Mu je a ɗinke."

Ya yi ƙoƙari, wannan kam ba a raina masa ba. Ya kai maganar gaban masu filin, suka ce doka ta hana a bar lungu babu fitilar gaggawa. Aka buɗe jirgin a watan Disamba, tsaf, da kiɗa da hayaƙin ƙarya. Yara suka so shi. Manya suka fito suna cewa ya yi kyau, amma an cire matar.

Gashin ƙeyar Nélida bai sake tsirowa ba. Ta ajiye buroshi, ta daina zuwa filin.

A satin da aka buɗe jirgin, ƙwan fitilar barandar da ke tsakanin ɗakinta da kicin ya ƙone. Ta sa sabo, ya ƙone. Ta kira mai gyaran wuta, ya ce waya lafiya lau, sai dai ya tambaye ta ko bututu ya fashe ne, don gidan yana ƙarnin laka.

Ta sayi ƙwan fitila shida, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sayi na bakwai ba.

Yanzu idan za ta kicin da magariba, takan raɓa jikin bango ta hagu, tana ɗaga ƙafa a hankali, don kada ta taka mata gashi.