Kwamfutar Gidan Gurza

Ku matso ku ji, wallahi da zafinsa. Najiba dai 'yar ajinmu, mai zama kusa da taga, wadda aka daina gani aka ce zazzaɓi ne. To ba zazzaɓi ba ne!

Kun san babanta, Malam Awaisu, mai shagon taki da maganin feshi a bakin kasuwa. Abin da ba ku sani ba, mutumin nan yana da ɗaki guda a gida cike da tsofaffin kwamfutoci. Ba irin na yanzu 'yan sirara ba. Manya, masu ƙeya kamar tsohuwar talabijin, farare da suka koma ruwan ƙwai don tsufa. Ba sayarwa yake ba, ba gyara yake wa mutane ba, tarawa kawai. In ya ji labarin wata a Danja ko Ƙarfi sai ya bar shago ya hau babur, don ya riga 'yan gwangwan kafin su fasa su cire jan ƙarfe. Matarsa Kulu, umman Najiba, har ta gaji da magana. Takan ce, "Malam, mutane suna tara hatsi, kai kana tara gawa."

Amma akwai guda ɗaya da ya daɗe yana nema. Yana yaro, babansa direban motar auduga ya taɓa shiga da shi ofishin gidan gurza, wani akawu ya buga masa sunansa, ya fito a allo da koren rubutu. Tun ranar abin bai fita ransa ba.

Sai ga Uzoma, abokinsa mai shagon kayan wuta, haifaffen nan Funtua, ya zo da labari. Wai za a kwashe sito a wani tsohon gidan gurza can hanyar Malumfashi, wanda aka rufe tun ba a haife mu ba, kuma ya leƙa ta taga ya ga irin wadda ake nema, har guda biyu.

Suka je. Mai gadi ya buɗe kwaɗon da ƙyar. Malam Awaisu yana hango su a kan kanta, bai san sanda ya faɗa ɗakin ba.

Uzoma ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Haba Malam! Ni da nake zuwa coci na san ba a faɗa wa ɗakin da ya daɗe a rufe babu sallama. Ko bisimilla?"

"Wa zan yi wa sallama, gizo-gizo?"

"To ai ko gizo-gizon babu," in ji Uzoma.

Kuma da gaske babu. Ɗaki shekara da shekaru a rufe, amma ko yana ɗaya. Malam Awaisu bai kula ba. Ya ɗaure su a bayan babur sai gida.

Yamma ce irin ta damina. Masarar bayan gida ta wuce katanga, hadari ya taru a gabas ya tsaya, bai zubo ba, bai watse ba. Kulu tana tuƙin tuwo. Kaji sun shige akurki da wuri, ba wanda ya kora su. Iska ta ɗauke gaba ɗaya.

"Malam, magariba ta kawo kai," Kulu ta ce daga madafa. "A bar buɗe-buɗen nan sai gobe mana."

Ina! Ya riga ya ɗauko sukundireba. Ɗaya kwamfutar tsaf take kamar ba a taɓa amfani da ita ba, sai dai akwatin wutarta ya mutu, wato ɗan akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke raba wa komai wuta a ciki. Ɗayar kuwa duk tsatsa. Su masu tara irin waɗannan haka suke yi, a farke matacciya a tayar da mai sauran rai. Ya kira Najiba ta riƙe masa tocila, ya kwance murfin mai tsatsar.

Ciki auduga ce. Fara sol, kamar yau aka tsinko ta daga gona, an shimfiɗa ta lafiya lau, ga ɗan lotsawa a tsakiya kamar wurin da wani ya saba kwanciya. Ba kashin ɓera, ba wari. Najiba ta ce akwai tausayi, a bar ta. Ya ce ai ɓeraye ne, ya ɗauko abin hura iska na hannu ya hure ta. Audugar ta tashi ta rufe fuskar Najiba, ta yi tari, ta yi tari, har tocilar ta faɗi.

Da ya ciro akwatin wutar ya ji shi da ɗumi a tafin hannunsa. Abin da ya shekara nawa bai ga lantarki ba! Ya ɗan tsaya. Sai ya ji an kira salla, ya yi sauri ya ɗaura shi a cikin mai kyan, ya tafi masallaci.

Yana dawowa an kawo wuta. Ya danna. Fanka ta juya, abin ya yi ɗan ƙara, tiit, sai ga koren rubutu. Wallahi an ce har hawaye ya yi. Ya sa yatsa zai buga sunansa ke nan, dutse ya sauka a kan kwano.

Ƙwal!

Shiru. Sai wani. Sai wani, kamar ana zubar da tsakuwa daga sama. Ya fita da gudu yana zagin yaran unguwa, lungu ba kowa. Yana cikin dube-dube ya ji ihun Najiba daga ɗakin ummanta.

"Zafi! Umma zafi! Bayana!"

Kulu ta ɗaga rigar, ba ƙuna, ba ƙurji, amma jikin kamar garwashi. Can aka ɗauke wuta. Yarinya ta yi ajiyar zuciya, ta yi barci kamar ba ita ba.

To daga nan gidan ya daina zaunuwa. Rana lafiya lau, Najiba tana kwance dai, ba ta ci, ba ta magana, idonta a kan ƙofar ɗakin babanta. Da rana ta yi ja sai kowa ya fara kasa zama wuri ɗaya. Kulu ta share inda ta share, ta rufe tagar da ta rufe. Jifa ya fara. A ɗakin kwamfutocin, ƙofa a kulle, sai a ji ana buga madannai, kas-kas-kas, a tsaya, a ci gaba. Wani lokaci kuma kukan jariri, siriri, can ƙasa-ƙasa, alhali duk layin ba mai jego.

An kai ta asibiti, an auna jini, ba a ga komai ba. Shi kuwa Malam Awaisu, in hankalinsa ya tashi ba inda yake samun sauƙi sai gaban koren rubutun nan. In an kawo wuta sai ya shige ya kunna, ya zauna yana kallo, yana jin ihun 'yarsa ta bango, ya tashi ya je ya tofa mata addu'a, ya dawo. Ko sau ɗaya bai haɗa wannan da wancan ba. Ko kuma zuciyarsa ta haɗa, shi ne bai yarda ya saurara ba, Allah masani.

Ranar da Najiba ta kalli ummanta ta ce, "Ke wace ce?" ranar Kulu ta yafa mayafi da kanta ta hau mota zuwa Ƙarfi, ta zo da Malam Maiwada, wani dattijo mai ruƙiya, ɗan siriri, muryarsa ma ba ta fita sosai.

Bayan la'asar ya iso. Babu wuta tun safe. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Kulu ta riƙe kafaɗun yarinyar, Malam Awaisu ya durƙusa gefe. Dattijon ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Ganyen masara ya daina motsi. Najiba ta fara rawar sanyi, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, sai ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a shaƙe, kamar ta wanda ya daɗe yana shaƙar ƙura.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gida ce. Aka mai da ni marar gida."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ta riƙe fitila."

Kulu ta ce, "Innalillahi!" Malam Maiwada ya ɗaga mata hannu.

"Fita za ki yi. Jikin nan ba naki ba ne."

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Ko ƙwai ba za a fasa miki ba. Ba a yanka sai don Allah, kin sani." Ya ci gaba da karatu. Ta yi ƙara, ta yi birgima, sannan ta fashe da kuka, kukan da ya sa tsigar jikin kowa ta tashi.

"To a ba ni ɗana! Bunsurun banza, ɗana nake so!"

Malam ya dakata. "Ina ɗan naki?"

Idon Najiba ya juya a hankali ya sauka a kan babanta.

"Tambayi ɓarawon gida. Ya shigo mana ba sallama. Da ya yi, da mun kwashe mun ba shi wuri, haka muka saba da mutane. Ya ɗauko mu a babur kamar buhun masara. Ya hure min shimfiɗa. Ɗana yana barci a ɗan ɗakin ƙarfe mai fanka, ya cire ɗakin da shi a ciki, ya kai wani gida, yana sakar masa wuta. Kullum! Abin da ɗana ya ji, shi 'yarsa take ji."

Malam Awaisu ya dubi hannunsa. Ɗumin nan da ya ji a tafin hannunsa ya dawo masa.

Malam Maiwada ya ce, "Ki kira shi ya fito mana."

"Ya tsorata, ya maƙale. Ba zai fito ba sai a gidan da ya sani. A mayar da ɗakinsa inda aka ciro shi, a mayar da mu inda aka ɗauko mu."

Dattijon ya juyo. "Malam Awaisu, ban san kan na'urorinku ba. Amma wannan ba roƙo take ba, haƙƙi ne. Abin zai mayu?"

Kun san me ya ce? Wallahi sai da ya yi jim! Irin wannan akwatin wutar an daina yin sa tun tuni, ya nema har Kano da Legas bai samu ba. In ya cire, koren rubutun ya tafi ke nan. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ko a ɗan ba ni lokaci in sa Uzoma ya bincika wani..."

"Malam!" Kulu ta ce wa mijinta.

Daidai nan yaran unguwa suka kwashe da ihu a waje, "An kawo! An kawo!" Ƙwan tsakar gida ya kama. Ashe da aka ɗauke wuta bai kashe makunnin ba. Daga cikin ɗakin da ke kulle aka ji tiit.

Najiba ta sandare. Ihu biyu suka fito daga bakinta lokaci guda, na tsohuwa da nata na kanta, kuma nata ne ya ce, "Baba!"

Bai nemi makulli ba, da kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Koren rubutun yana nan yana ƙyaftawa, yana jiran a buga suna. Ya fizge wayar daga bango. Allon ya yi baƙi, ihun ya tsaya.

Ya fito da kwamfutocin biyu tsakar gida, ya durƙusa. Ya sa sukundireba ya kwance murfin mai kyan. Da ya zo kan akwatin wutar ya tsaya, ya ce, "Bismillahi. Salamu alaikum. Ku yi haƙuri." Ya ɗauke shi da hannu biyu kamar mai karɓar jariri ranar suna, ya mayar cikin mai tsatsar, ya ɗaure kowace kusa a raminta.

"Shimfiɗata," in ji muryar.

Kulu ta tashi da gudu ta farke matashin kanta na aure, ta kwaso auduga, ita da kanta ta shimfiɗa a ciki, har tana lallashinta da yatsa. Aka rufe murfin.

Malam Maiwada ya sa tsohuwar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba. Ta yi. Ta ce, "Yarinyar tana da kirki. Ta ce wa babanta akwai tausayi, kada ya hure audugar, bai ji ba." Sai Najiba ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, jikinta ya saki. Ruwan da ya daɗe yana haɗuwa ya sauko a kan kwano, ruwa na gaske, ba dutse ba. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, akwai sauran tuwo?"

Da gari ya waye babanta ya goya mai tsatsar a babur, a lulluɓe da bargo, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka. Uzoma ya raka shi, ya roƙi masu wurin a bar kantar nan yadda take. A bakin siton Malam Awaisu ya cire takalmi ya yi sallama, ya jira, sannan ya shiga.

Mai kyan tana nan a ɗakinsa, allonta baƙi, Najiba ta ɗora mata ɗan ƙyalle. Kuma kar ku ce ya daina tarawa, bai daina ba! Sai dai yanzu in ya je wurin 'yan gwangwan, kafin ya taɓa kowace sai ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa, ya yi sallama, ya kara kunne. Suna ta yi masa dariya, har sun sa masa suna Mai Sallama.

Shekaranjiya ma ya samu wata a Danja, irin wadda yake nema sak, da akwatin wutarta lafiyayye. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya daɗe a haka. Sai ya miƙe, ya gyara mata zama a inuwa, ya ce wa mai kayan kada ya fasa wannan, ya hau babur ɗinsa ya tafi ko tayi bai yi ba.

Dariyar ta tsaya. Har yau ba wanda ya tambaye shi me ya ji.