Baƙin Ɗigo a Goshin Kwikwiyo

A can da, a wani gari, wani mutum yana da farin kwikwiyo mai dogayen kunnuwa da baƙin ɗigo a goshi. Da aka sa ranar gasar kyan karnuka, sai ɗigon ya tsone masa ido.

Ya shafe shi da farar ƙasa, uwar kwikwiyon ta lashe. Ya sake shafewa, ta sake lashewa. Haushi ya kama shi, ya ɗaure ta, ya lafta farar ƙasa, ya tafi gasa.

Alƙalin gasa ya duba, ya ce, "Malam, ai bana mai ɗigo a goshi muke nema."

Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce, "Ranka ya daɗe, a jira ni in kwanto uwarsa."