Gyaɗa a Leɓe

Ni Bong-pal, duk dutsen nan babu tsuntsun da bai san ni ba, ku tambayi kowa. Mutane a tafin hannu suke ba su gyaɗa. Ni a leɓena nake ɗora ta, su sauko su ɗauka.

Ran nan da sassafe muka hau da ƙanin matata, Deok-bae, yana rungume da kyamararsa mai dogon hanci. Ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, sanyi kamar ya cire kunne.

Ya ce, "Yaya, yau ka wanke baki kuwa? Kada ka kashe mana tsuntsaye."

Na ce, "Ɗauki hoto, sarkin surutu."

Na ɗora gyaɗa a leɓe, na ɗaga kai sama, na rufe ido.

Sai kukan tsuntsaye ya ɗauke ɗif.

Wani wari ya taso. Kamar tulun kimchi, kabejin nan namu mai tsami, da ɓera ya mutu a ciki. Reshen da ke kaina ya yi ƙara, ƙyaaas. Wane tsuntsu ne da wannan nauyi?

Deok-bae ya ce cikin raɗa, "Yaya... kada ka buɗe ido."

Na buɗe.

Wata tsohuwa ce tsugune a reshe. Gwiwoyinta sun juya baya. Jikinta duk jiƙaƙƙen gashin tsuntsu, bakinta dogo, baƙi, yana ɗiga.

Ta ce a hankali, "Wayyo, ɗan tsakona ya rame."

Ashe ɗaga bakin da na yi, ta ɗauka abinci nake roƙo.

Ta zura bakinta cikin nawa. Ta yi kakari.

Abu mai ɗumi ya cika mini baki.

Yana motsi.

Tsutsotsi!

Ta zare bakinta ta ce, "Haɗiye. Mu tafi sheƙa."

Ta saƙala farce a haƙorana, ta ja sama. Ƙafafuna suka bar ƙasa.

Abin da ba ta sani ba, haƙoran nan na roba ne. Na tura su da harshe, suka fita ɓus. Na faɗo, na gangara ina amai. Deok-bae kuwa tuni ya riga ni kaiwa gindin dutse, ɗan banza, ko hoto ɗaya bai ɗauka ba.

Tun ran nan ban ƙara cin taliya ba. In matata ta ajiye kwano, sai in ga yana motsi.

Masu hawan dutse suna cewa yanzu akwai wani tsuntsu can sama da ke yi wa mutane murmushi. Haƙorana ne. Wanda ya ce ƙarya nake, ga gyaɗa, ya je ya karɓo mini.