Fitilu Huɗu na Hamagabdo

Ranar da abin ya soma, Dijatu tana bakin murhu tana tuƙa tuwon masara, rana ta riga ta faɗa bayan dutsen Ngaundere, ladanin unguwar Tongo yana gyaran murya. 'Yarta Pendo tana gefe tana tsinkar yakuwa. Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ba jifan yara ba ne, wanda kan zo da ƙarfi ya daki kwano. Wannan a hankali ya sauko, kamar an ajiye shi, ya tsaya daidai ƙafar Pendo. Dijatu ta taɓa shi ta janye hannu, don zafi ne da shi. Kafin ta buɗe baki, fitilun da ke saman babbar motar mijinta a ƙofar gida suka kama da kansu, su huɗu, hasken ya tsallako katanga ya cika gidan fari fat. Makullin motar yana aljihun mai ita, mai ita kuwa yana bayan ɗaki yana alwala.

Fitilun nan da tarihinsu. Hamagabdo, mijin Dijatu, ya shekara ashirin yana jigilar albasa daga Garwa zuwa tashar jirgin ƙasa, kuma tun da Allah ya yi shi ba wanda ya taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa. Wani abokin aikinsa ya ɗora fitilu biyu a motarsa, shi ke nan Hamagabdo ya kasa barci sai da ya sayo huɗu, kowace kamar faifai. Ya kai wa Kamdem, mai aikin wayar mota a bakin tasha.

"Direba, fitilun nan suna shan wuta," in ji Kamdem. "Waya mai kauri suke so, da fis dab da batir, a bi da su ta rile, ɗan akwatin nan mai ɗauke wa makunni nauyin wuta. Sannan a ɗaure su da babbar wutar mota, in ka rage wa mai zuwa su ma su mutu."

"Ni za ka koya wa mota? Ina kan sitiyari kana yawo ba wando."

Ya kwaso kayansa ya dawo gida. Dijatu tana kallo ya warware siririyar wayar tsohuwar fanka, ya fere ta da haƙori, ya murɗa ta kai tsaye a kan batir, ya naɗe da leda. Ya zura ta cikin hudar ƙarfe ba ko ɗan roba, ya manna makunnin can ƙarƙashin kujera inda hannu ba ya kaiwa sai an sunkuya. Fitilun kuma ya ɗaga musu kai sama, wai don a san shi ne tafe tun daga nesa. Mutumin da ƙofar bayan gidansa ta shekara uku a jingine, shi ne yau injiniya. Dijatu ta ja tsaki a ciki ta ci gaba da wankinta.

Kwana tara bayan haka ne dutsen farko ya faɗo. Washegari da magariba uku suka faɗo, fitilun suka sake kamawa. Hamagabdo ya cire kan batir gaba ɗaya ya ajiye a ɗaki, ya zauna yana hura hanci. Ladan na ɗaga murya suka kama.

"Ragowar wuta ce a cikin waya," in ji shi. "Ku mata ba za ku gane ba."

A rana ta uku gidan ya ɗauki warin garke, alhali ko akuya ba su da ita, kuma daga gaban motar, inda gilashi ke rufe, ana jin wata yarinya tana kuka ƙasa-ƙasa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. A rana ta huɗu Pendo ta daina ƙifta ido.

Idanun a buɗe suke tar, dare da rana. Ba ta barci, ba ta magana, tana zaune kan tabarma tana kallon abin da ba wanda ke gani. Dijatu ta sa yatsa ta rufe mata fatar idon, tana ɗagawa ta koma. Suka bushe, suka yi ja, sannan wani fari ya soma hawa kansu kamar yanar madara. A asibiti aka ba su maganin ɗigawa, ma'aikaciyar ta ja Dijatu gefe ta ce in aka ƙara kwana biyu a haka, yarinyar ta rabu da gani ke nan. Tsoro irin wanda Dijatu ba ta taɓa sani ba ya zauna mata a ƙirji. Shi kuwa gogan cewa ya yi hayaƙin murhu ne.

Ba ta nemi izininsa ba. Ta yafa mayafi ta tafi ta ɗauko Modibbo Sanda, wani tsohon malami siriri da ba ya son yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa wayar, ya dubi Hamagabdo daga sama har ƙasa. Ya sa aka zuba garwashi a kasko, ya zauna gaban Pendo yana jan carbi har inuwa ta cinye tsakar gida. Da fitilun suka kama, ya barbaɗa turare ya soma karatu. Ya daɗe yana yi. Can wuyan yarinyar ya juyo a hankali, bakinta ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, mai kauri, a gajiye.

"Ya isa, Modibbo. Ba da kai nake ba."

"Wane ne kai?"

"Makiyayi. Ina gangaren Wak, gindin ƙiryar da ke kan kwana."

Ko Dijatu da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ta san ƙiryar nan. Duk direban da ke bin hanyar Garwa, Musulmi da Kirista, in ya zo wurin bayan faɗuwar rana yakan rage wuta ya yi sallama, don masu wurin suna ƙetarewa da dabbobinsu.

"Na rage!" Hamagabdo ya zabura. "Wallahi na rage!"

"Ka rage na ƙasa. Na saman fa? Ina kallon ka kana lalube ƙarƙashin kujera kamar mai neman takalmi. 'Yata tana tsakiyar titi da ƙwaryar nono. Tun ranar ba ta ganin komai sai fari." Muryar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na shiga motar na duba aikin. Na daɗe a duniya, Modibbo, ban ga ƙazanta irin wannan ba. Ƙarfe ya goge wayar, saura ƙiris, ba fis ba komai. Da na ƙyale shi, kafin ya sake dawowa daga Garwa ya gasu shi da albasarsa. Na so in ƙyale shi ɗin. Sai na ga toka ba ta biyan ido."

"Yarinyar nan ba ita ta murɗa waya ba," in ji Modibbo. "Gobe za a kira wanda ya iya. A sauke biyu, a sunkuyar da biyu su kalli ƙasa, su riƙa mutuwa tare da babbar wuta."

"Wannan haƙƙin hanya ne," in ji muryar. "Nawa haƙƙin fa? Ido aka taɓa."

Modibbo ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Pendo ya riƙa lanƙwashewa, muryar tana gurnani, duwatsu suna sauka kan kwano ɗaya bayan ɗaya. Dijatu ta riƙe ƙafafun 'yarta tana hawaye. Da ya tsagaita, dukansu biyu haki suke.

"Ka ɗauka a wurin mai laifi," in ji Modibbo, "kuma ba duka ba."

Fuskar Pendo ta juya wajen Hamagabdo.

"Ganinsa na dare zan ɗauka," in ji muryar. "Ya riƙe ranarsa. Amma da bakinsa zai ce ya yarda."

Kowa ya juya. Hamagabdo ya gyara hula.

"Allah gafarta, ai albasa da dare ake tafiya da ita. A tambaye shi mana, ko zai karɓi rago?"

Modibbo ya ci gaba da jan carbinsa.

"To ido ɗaya fa?"

Dijatu ta dube shi, ta ji duk abin da ya rage na girmansa a zuciyarta ya zube ƙasa. Shekara goma sha tara tana gidansa, irin tarbiyyar da aka yi mata ba ta taɓa barin sunansa ya fito daga bakinta ba, ko a bayan idonsa.

"Hamagabdo," ta ce, a gaban Modibbo, a gaban maƙwabtan da ke leƙe ta katanga. "Dubi 'yarka."

Ya duba. Ƙuda ya sauka a kan ƙwayar idon Pendo yana tafiya, idon bai motsa ba.

"Na yarda," ya ce, da ƙyar ake ji.

Pendo ta yi atishawa sau uku. Fitilun suka mutu, warin garke ya ɗauke. A hasken garwashi Dijatu ta ga fatar idon 'yarta tana saukowa a hankali har ta rufe, hawaye suka gangaro ta gefe.

Kamdem ya zo da hantsi ya wuni yana aiki. Ya fizge wayar fankar ya jefa a kwata. Da magariba ta yi ya hau ya gwada: ya ba da babbar wuta fitilu biyun suka kama, ya rage suka mutu, ya sake bayarwa, haske ya kwanta lafiya lau a kan titi. Hamagabdo yana tsaye a gabansu, hannu a ƙugu, hasken yana dukan rigarsa.

"Kai Kamdem, wai me kake jira ne? Kunna mana mu ga aikin naka."

Kamdem ya leƙo ta taga ya dubi Dijatu.

"A kunne suke," ta ce. Ta bar shi nan tsaye, ta shiga ta gyara wa Pendo mayafi, don har yanzu barci take.