Ƙugiyar da Ba a Gayyata Ba

Ranar da ya fara shigowa maɗaba'ar, Auta tana zaune a teburinta na bakin taga, jan biro a hannu. Aikinta ke nan shekara uku: duk abin da za a buga sai ya bi ta ƙarƙashin idonta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Masu aikin inji kan ce in ta hango kuskure har kunnenta motsi yake yi.

Ya yi sallama, dogo, da ɗigon fenti a hannun riga, ya shimfiɗa mata wata faffaɗar takarda. Bangon littafi ne. Haruffan sun yi reshe sun yi ganye, an kewaye su da zane mai kama da saƙar tabarma. Ta bi shi layi-layi tana neman inda za ta soka biro, ba ta samu ba.

"Wa ya sa maka ƙugiyoyin nan?" ta tambaya, tana nuna ƙ da ɗ. "Irin wannan rubutun ai ba shi da su a kwamfuta."

"Ni na zana su, Malama. To, na ci jarrabawa?"

"Ka ci. Amma na ji haushi, tun safe biron nan yake jin yunwa."

Ya yi dariya har ya dafa teburin. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, don ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta wanda bai shafi aiki ba.

Daga ranar Mai Zane, kamar yadda kowa ke kiransa, ya zama ɗan gida a maɗaba'ar. Yau ya zo duba launi, gobe ya manta rula. Rular nan sau huɗu ana mantawa da ita kafin ya yi ƙarfin halin neman lambarta.

"Jan Birona, na duba zuciyata sau uku yau, ban ga kuskure ba. Ke ce dai a ciki," ya rubuto mata.

"Ka manta aya a ƙarshe, masoyi. Amma na yafe," ta mayar masa.

Sunansa ya riga ya zaga gari. Masu shaguna da masu littattafai layi suke bi don ya ƙawata musu suna, har ana cewa ko daga nesa ka hango rubutu ya yi furanni, ka san hannunsa ne. Sai dai duk wannan bai burge Baba, mahaifin Auta, ba ko kaɗan.

Baba shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da harshe kafin ya yi ritaya. Mutum ne da zai tsayar da mai mota a titi don ya gaya masa rubutun bayan motarsa ba daidai ba ne. A wurinsa Auta ta gaji jan biro, kuma duk duniya babu wanda take jin nauyin ɓata wa rai kamarsa.

"Mai zane?" ya ce, ranar da Mama ta kai masa maganar. "Rubutu abin karantawa ne, ba lalle ba. Mutumin da ke wasa da baƙi zai yi wasa da alkawari. Ga ɗan abokina likitan haƙori, yaro mai natsuwa."

Likitan ba shi da laifi, sai dai duk hirar da ya zo sai ta ƙare a kan dasashi. Baba bai ce dole ba, amma ya ce shi dai bai yarda da Mai Zane ba, Auta kuma ta san ba za ta iya aure ba da yardarsa ba.

Mai Zane ya ce ta bar masa. Sati shida ya kulle kansa a shago yana wani aiki da ya hana ta gani. Ta roƙa, ta yi fushi, ya ce kyautar Baba ce, ido na farko na Baba ne.

Wata Asabar da hantsi ya kawo shi, allo babba cikin firam, rubutun ruwan zinariya a kan shuɗi. Auta tana leƙe ta bayan labule, Mama na ja mata riga. Baba ya sa tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Auta, fito ki karanta min wannan."

Ta fito, ta karanta. Addu'a ya so ya rubuta, Allah Ya kare wannan gida. Amma a kan k ɗin nan akwai ƙugiya, kyakkyawa, mai lanƙwasa har biyu. Abin da ke jikin allon shi ne: Allah Ya ƙare wannan gida.

"Sati shida, in ji ka," Baba ya ce a hankali. "Sati shida kana roƙon a gama da mu. Ɗauki kayanka, yaro."

Bai iya ɗauka ba ma. Ya fita yana haɗa hanya, allon ya kwana a bayan kujera, fuskarsa na kallon bango.

Kwana uku Auta ba ta ɗaga wayarsa ba. Kuskuren bai ƙona mata rai kamar ɓoyewar ba. Ita da ke gyara rubutun mutanen da ba ta sani ba, a ce nata bai nuna mata ba? A rana ta huɗu saƙo ya shigo.

"Hasken idona, ba ni da bakin kare kaina. Na duba k ɗin nan sau goma kafin in turo. Girman kai ne ya hana ni nuna miki, na so Baba ya ga ni kaɗai na isa. Ban isa ba."

Ta karanta, ta yi kuka, ta kuma yi dariya. Sannan ta rubuta: "Kar ka ba ni haƙuri, ba gidana ka ƙare ba tukuna. Ka zo gobe da kayan aikinka. Kar ka kawo sabon allo, Baba ba ya son a ɓoye kuskure, so yake a gyara a gabansa."

Ya zo. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya nemi izinin gyara. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai buɗe jarida. Mai Zane ya zauna a ƙasa, ya ɗora allon a cinya, ya fito da reza da ɗan siririn buroshi, ya fara kankare zinariyar kaɗan-kaɗan don kar shuɗin ya tashi. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Auta ta lura tun ɗazu Baba bai juya shafi ba.

"Wai garin yaya?" Baba ya tambaya daga bayan jarida. "Ba ka san bambancin su ba ne?"

"Na sani, Baba. Hannuna ne ya saba. Shekara shida ke nan, duk rubutun da aka kawo min sai in tarar an cinye ƙugiya, a rubuta kasa ana nufin ƙasa, a rubuta baki ana nufin baƙi. Ni nake bi ina mayar musu. Na zana ta fi sau dubu, har ta kai in na ga k tsirara sai in ji tausayinta. Wannan karon na tausaya wa wadda ba ta nema ba."

Jaridar ta sauka a hankali.

"Kana nufin allon asibitin yara, wanda aka gyara aka rubuta ɗaki daidai, kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara takwas ina kai musu takarda a kan allon nan!" Baba ya cire tabarau ya goge. "Ni ina rubuta ƙorafi, kai kana hawa tsani. Matso da shi nan, ka bar ɗan zinariya a gefen hagu."

Mama ta matse hannun Auta a bayan labule har sai da ta ji zafi.

Ba a ranar ya amince ba, Baba ba ya gaggawa. Amma ya fara aika wa Mai Zane ya zo su yi hira, wai yana da tambaya a kan ɓ. Likitan haƙori ya gane inda iska ta dosa, ya janye cikin mutunci. Bayan wata biyu Baba ya ce a turo manya.

Da aka sa rana, Mai Zane ya zana katin gayyata da hannunsa, ya kawo wa Baba tun kafin a buga. Auta ta ajiye wa Baba tabarau da biro a kan tebur, ta koma gefe tana addu'a a zuci.

Baba ya karɓi katin, bai buɗe ba, ya miƙa masa abinsa.

"Kai a buga."

"Baba, ba ka duba ba."

"Na ba ka 'yata, ɗana. Takarda ce zan tsaya dubawa?"

Auta ta rufe fuska da mayafi, hawaye ya ƙwace mata. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin rubutu ya wuce ta hannun mahaifinta bai karanta ba.

Aka ɗaura aure gida cike da 'yan'uwa da masu aikin inji sun sha sababbin kaya. Da za ta tafi, Baba ya dafa kanta, ya sa musu albarka.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku haƙuri da juna, Ya sa ku tsufa tare."

Duk ɗakin aka amsa da amin, angon kuwa tasa ta fi ta kowa ƙarfi.